Farautar Inuwa a Titin Gwarzo: Abin da Keke Ya Nuna Mini a Bazarar Kano

Da ƙarfe shida da kwata na safe nake fitar da kekena daga zaure, a unguwarmu da ke kusa da Gandun Albasa. A watan Afrilu wannan ne kaɗai lokacin da iskar Kano ke da ɗan sassauci, ko da yake bangon gida yana nan da ɗuminsa na jiya, kamar murhun da aka kwashe wa garwashi. Waɗanda zafi ya koro suka kwana a waje suna naɗe tabarmi, mai shayi yana hura wuta, almajirai suna wanke alluna. Nakan rataya gorar ruwa biyu, in ɗaure jakar takardu a kariya da roba, in soke ƙafar wando a cikin safa, sannan in kama hanyar jami'ar da nake koyarwa a titin Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 13. Yamma nake nufa, saboda haka rana tana bayana. Idan na fita a kan lokaci, cikin minti 50 na isa, da ɗan gumi a goshi. Idan kuwa na yi jinkirin awa biyu, to hanyar ita ce dai, amma tafiyar ta zama wata aba daban.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: ba sha'awar motsa jiki ce ta ɗora ni a kan sirdi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Na zauna da biro da takarda, na ga cewa tsohuwar motata tana neman ta haɗiye kuɗin makarantar yara. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Na lulluɓe motar da tamfol, na sayo keke ɗan Kwatano mai giya, wanda ga alama wani Bature ya gaji da shi.

Wahalar farko ba daga rana ta zo ba, daga idon mutane ta zo. Uwargida ta dube ni ta ce, “Yanzu Dakta guda a kan keke? Me za a ce da mu a unguwa?” Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya tambaye ni cikin raɗa ko akwai abin da zai iya taimakawa da shi. Ɗalibai kuwa sukan rasa yadda za su yi idan sun wuce ni a cikin A Daidaita Sahu: wasu su sunkuyar da kai don kada in ji kunya, wasu su ɗaga hannu suna murmushi. Na yi mamakin yadda abin ya zama haka, domin a gidan keke na tashi. Mahaifina malamin firamare ne, kuma kekensa ƙirar Raleigh shi ne abin alfaharin gidanmu. Duk ranar Juma'a sai an wanke shi an goge ƙarafunansa har suna ɗaukar ido. A wancan zamani malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin En'e duk a kan keke suke, har kamfanin na Raleigh yana da masana'anta a nan Kano. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka kawo babur da mota, daga baya acaɓa ta cika gari har aka hana ta ɗaukar fasinja a 2013, masu ƙafa uku suka gaji titin. A cikin wannan canji keke ya gangara ya zama shaidar cewa mutum bai samu ba. Da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, ya yi ta kiran a koma wa keke, dariya aka yi masa, kuma dariyar ta ƙaru a 2001 lokacin da wata motar bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa keken.

Duk da haka keke bai taɓa barin titin Kano ba. Mu ne masu mota muka daina ganinsa. Da na shiga sahu sai na tarar da jama'a guda. Daga Ƙofar Ɗan'agundi nakan bi titin da ya rungumi ganuwa ta kudu, in wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo da Dukawuya har Kabuga. A hannun dama ragowar badala ce, ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, yau wani wurin ta zaizaye ta koma tudu, wani wurin shaguna sun cinye ta. A wannan tsakani nake haɗuwa da abokan tafiyata: magini da ya ɗaure cebur da kwanon siminti a kariya, mai gadi da ya kwana a bakin aiki yana komawa gida ido jajur, ɗan sakandare da ya goyo ƙaninsa, dattijon da ke tuƙi a natse da hularsa da carbi a hannun keke. Daga Kabuga zuwa Janbulo da Rijiyar Zaki sai in riƙa cin karo da masu shigowa birni daga ƙauyukan yamma, wani da buhun alayyafo, wani da kaji a kwando, wani da jarkoki huɗu da ban san yadda yake daidaita su ba. Babu wanda ya zaɓi keke a cikinsu don likita ya ce ya rage tumbi. Kuma babu wanda ke da ikon cewa yau rana ta yi yawa, ba zan fita ba.

Watannin hunturu sun ruɗe ni. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiyar daɗi ce, in ban da ƙura da tsagewar leɓe, har na fara yi wa abokai wa'azin keke a ɗakin shan shayi. Sai Maris ya kama, hazo ya yaye, bazara ta buɗe ido. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ware wa wannan lokaci suna nasa, ya bambanta shi da sauran rani. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka wajen 21 ga Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka. A ranakun, da misalin sha biyu da rabi, inuwar mutum takan shige ƙarƙashin tafin ƙafarsa, bango kuma ya daina ba da komai. Idan ka ji an ce zafi ya kai digiri 41 ko 42 a ma'aunin Salshiyas, ka tuna cewa a inuwa ake auna shi, sama da ƙasa da kusan tsayin mutum. Kwaltar da ta wuni a rana tana iya haura digiri 60. Mai keke yana tsakanin wuta biyu, ta sama da ta ƙasa, ga ta uku daga gefe: hayaƙin manyan motoci da hucin da na'urar sanyaya mota ke fesowa waje. Sanyin da mai mota ke sha a ciki, wani ne ke karɓar zafinsa a waje.

Jikin mutum kuwa randa ce. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randar ƙasa ya fi na bokitin roba sanyi: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafi. A kan wannan hikima marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka gumi yake yi mana aiki. Matsalar mai keke ita ce, daga cikin ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka ke juya feda. Sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. Muddin iska ta fi fata sanyi, gudun keke yana taimakawa. Da zarar ta haura digiri 35, iskar da ke bugun fuska ta koma kamar hucin gidan burodi, ba abin da ya rage sai gumi. A busasshiyar iskar Maris da Afrilu gumin yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai farin gishiri a wuyan riga. Mutum yana iya zubar da lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya bai sani ba. Idan randa ta ƙafe, sanyi ya ƙare.

Duk wannan na san shi a takarda. Jiki magayi, shi ya karanta mini shi da babbar murya a azumin 2024, wanda ya kama ranar 11 ga Maris ya kai har 9 ga Afrilu, wato ya faɗo a tsakiyar bazara. A goman ƙarshe, wata rana na gama darasi da wuri, aka kira ni daga gida cewa ƙaramin ɗanmu yana zazzaɓi. Ƙarfe biyu saura na hau keke. Na ce a raina ai na saba, minti 50 ne kawai. Kafin Rijiyar Zaki harshena ya manne da ganɗa. Wajen Janbulo kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne tsigar jikina da ta tashi, na ji wani sanyi-sanyi a tsakiyar wannan wuta. Na wuce ta ƙarƙashin gadar Kabuga, inuwar 'yan daƙiƙu ta lulluɓe ni ta sake ni. Da na fito sai na ga titin yana rawa, na kasa tuna ko na wuce Dukawuya ko ban wuce ba.

Akwai wata darbejiya a gefen hanya, a ƙarƙashinta wani dattijo mai facin keke ya kafa sana'arsa, da famfonsa da kwanon ruwan gwada tayoyi da benci ɗaya. Ban san yadda na isa ba; na dai ji an riƙe kan keken, an zaunar da ni. Ya cire mini hula, ya ɓalle maɓallan rigata, ya kwara mini ruwan randa a ka da wuya da hammata, ya sa yaronsa yana yi mini fifita da kwali. Sannan ya miƙo moɗa.

“Baba, ina azumi,” na ce.

“Na sani, Malam, ni ma ina yi. Sha. Ka rama bayan Sallah. Wanda ya ɗora maka azumin bai ce ka kashe kanka ba.”

Na sha. Ya barbaɗa ɗan gishiri da sukari a moɗa ta biyu, ya ce in riƙa kurɓa a hankali. Sai bayan La'asar ya bar ni na tashi, kuma a A Daidaita Sahu, keken a ɗaure a baya. Yaron da na yi wa gaggawa na tarar da shi yana wasa a tsakar gida, uwarsa ta riga ta kai shi an duba shi. Likitan da na gani washegari ya ce tazarar da ke tsakanin abin da ya same ni da bugun zafin rana ba ta da yawa. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, hankali ya fara gushewa, to ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna cikin haɗari, kuma abin da ke ceton rai shi ne a sanyaya mutum nan take, tun kafin a nemi motar asibiti. Dattijon bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma abin da ya yi shi ne abin da littafi ya ce a yi.

A wannan makon ne labari ya zo daga Mali. Ranar 3 ga Afrilu an auna digiri 48.5 a garin Kayes, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗun farko na watan. Masana yanayi da suka bincika lamarin sun ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar duniya da ayyukan ɗan Adam suka jawo ba. Mu da su a ɗamara ɗaya muke ta Sahel. Bazara tsohuwar baƙuwa ce a wurinmu, amma tana ƙara nauyi, kuma darenta ya daina hucewa yadda jiki zai huta. A ƙasarmu ba a cika rubuta zafi a matsayin sanadin mutuwa ba. Sai dai a ce tsoho ya yanke jiki ya faɗi, ko a ce hawan jini ne, a yi masa sutura kafin Magariba.

Bayan Sallah na koma wurin dattijon da goro da ɗan abin hasafi. Goron ya karɓa, kuɗin ya mayar mini. Na zauna a bencinsa, ya ba ni karatun da ya tara a shekarun da ya yi a bakin titi. Ya ce a bazara ba ya cika taya da iska tam, domin zafi yana kumbura ta, kuma tsohon faci yakan saki idan kwalta ta gasa shi. Shi ya sa cinikinsa ya fi yawa tsakanin Azahar da La'asar. Ya ce masu keken ƙauye sun fi 'yan birni wayo: da asuba suke shigowa, ba sa komawa sai rana ta karya. Sai ya dube ni ya ce, “Ku 'yan boko agogo kuke bi. Mu rana muke bi.” Na tambaye shi wanda ya dasa bishiyar da muke ƙarƙashinta. Ya ce bai sani ba, ya same ta a nan, kuma 'yan uwanta da ke jere da ita duk an sare su lokacin da aka faɗaɗa hanya.

Tun daga ranar na fara tafiya da wata taswira a kaina, taswirar inuwa. Na san inda kowace bishiya take tsakanin Ɗan'agundi da ƙofar jami'a, na san rumfar da mai ita ba ya korar mai hutawa, na san masallacin da ke ajiye randa a waje. Na kuma san wuraren da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko inuwar da akuya za ta fake ba. A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda shekara da shekaru ina furta shi ban lura ba. Dubi sunayen unguwanninmu: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Gata, Rimin Keɓe, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Kakanninmu da bishiya suke kwatance. Ɗorawa da rimi da tsamiya da durumi da ceɗiya su ne tashoshin matafiya, su ne majalisar dattawa, su ne kasuwar farko ta kowace unguwa. Yau kwandasta yana kiran sunayen, fasinja yana sauka, amma je ka nemi bishiyar. A wurare da yawa sunan ne kawai ya rage, kamar hatimi a kan takardar gadon da aka riga aka cinye.

Tsohon birni ma da rana aka gina shi a zuciya. Lungu ƙunci gare shi, amma ƙuncin ne ke sa bango ya yi wa bango inuwa. Ginin ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi har dare, zaure yana karɓar baƙo daga rana kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, kududdufan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini suna tara ruwan damina. Ba ina cewa a koma zamanin jaki ba ne, kuma na san abin da kududdufi ke haifarwa na sauro da ƙazanta. Abin da nake nufi shi ne, mun karɓi bulo da kwano da kwalta, muka manta da tambayar da magabata suka fara yi kafin su aza tubali: ina mutum zai fake? Sababbin unguwannin da ke bin titin Gwarzo sun tsiro ne a kan gonaki, kuma abin da mai fili ke fara yi shi ne sare bishiyar da ya tarar. Sai ka shiga Nassarawa GRA, inda aka dasa itatuwa tun zamanin Turawa, ka ji iska ta sauya a fatarka tun kafin ka karanta allon titi. Inuwa ta fi yawa inda kowa ke da mota da na'urar sanyi, ta fi ƙaranci inda ake tafiya a ƙasa da kan keke. Ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Wannan rashi ba ƙaddara ba ce da ta fi ƙarfinmu. Gadar sama guda tana cin biliyoyin naira. Jerin bishiyoyi a gefen titi ba ya cin ko kusa da haka. Wahalar ba a dashe take ba, domin kowace damina muna ganin manya a talabijin suna dasa itace da cebur mai ƙyalli. Wahalar tana cikin rani biyu ko uku na farko, lokacin da dashen ke buƙatar ruwa da kariya daga awaki. A ba mai shago da mai faci da limamin masallacin bakin titi amanar bishiyar da ke gabansu, da ɗan abin da zai taimaka musu, za a ga bambanci. A kuma dasa masu inuwa. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya, ta nuna tana jure ƙasarmu, ga tsamiya da maɗaci da ceɗiya da durumi namu na gado. Furannin ado da ake jerawa a tsakiyar titi ba sa fakar da ko ƙadangare. Duk kwangilar faɗaɗa hanya ya kamata ta zo da sharaɗin mayar da abin da aka sare, da ƙari.

Sai hanya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda zafinsa bai gaza namu ba, manyan tituna da dama suna da layin da aka ware wa masu ƙafa biyu. A Ishbiliya ta ƙasar Sifaniya, birnin da ɗaliban tarihin Andalus suka sani, zafin bazara yakan haura digiri 40, amma tsakanin 2006 da 2010 an shimfiɗa hanyoyin keke sama da kilomita 100, masu hawa suka ninka, kuma a tsakiyar birnin ana shimfiɗa rumfunan yadi a saman tituna idan zafi ya zo. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ka cire Dala da Goron Dutse. Ƙasa irin wannan keke take so. Abin da mai keke ke tsoro kafin rana shi ne mai A Daidaita Sahun da zai yanko gabansa don fasinja ɗaya. Layin da aka kare da ɗan dakali, aka yi masa jerin itatuwa, zai amfani mai keke da mai tafiya a ƙasa da mai tura baro baki ɗaya.

Sai lokaci, wanda shi ba ya cin ko sisi. Saudiyya tana hana aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ingancin jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta, ƙailula kuma ba lalaci ba ce. Mu kuwa muna tashin yaran firamare da sakandare daidai lokacin da kwalta ta fi zafi, mu sake su a titi. Me zai hana makarantu da ma'aikatu su sauya jadawali daga Maris zuwa Mayu, a fara da sassafe a tashi kafin rana ta take, ko a tsaya har ta karya? Wuraren aiki kuma su tanadi rumfar ajiye keke da ɗan wurin watsa ruwa.

Ga ɗalibaina da suka fara bin sahu, domin yanzu akwai su, ga abin da na koya da jikina. Ka fita kafin bakwai, ka dawo bayan biyar. Tsakanin sha ɗaya da huɗu ka bar wa rana titinta. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya tambaya, ka duba fitsarinka: idan ya yi duhu, randarka tana ƙafewa. Idan gumi ya yi yawa, lita guda ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ta fi lemon kwalba. Ka sa tufa fara, sakakkiya, mai dogon hannu. Buzun da ke naɗe jikinsa a Sahara ya san abin da yake yi. Jiƙa hula ko rawani yana taimakawa sosai a busasshiyar iska. Idan ka daɗe ba ka hau ba, ka ba jikinka mako ɗaya zuwa biyu ya saba, kada ka fara da doguwar tafiya. Ka yi hattara da watan Mayu, lokacin da iskar damina ta fara kawo laima amma ruwa bai sauka ba: ma'auni zai nuna zafi ya ɗan ragu, alhali gumi ya daina bushewa, jiki kuma ya fi wahala. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da tashin tsigar jiki umarni ne na tsayawa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko na ƙoda ya fara ganin likita. In kana azumi, tafiyar asuba ce taka, ta yamma kuma ka daidaita ta da kiran Magariba.

Ba na so a ɗauka ina yi wa talauci kwalliya. Ni ina da zaɓi: ranar da na makara, ko hukumar NiMet ta yi gargaɗin tsananin zafi, nakan yaye tamfol in tayar da mota. Maginin da muke gaisawa a Gadon Ƙaya ba shi da tamfol ɗin da zai yaye. Saboda shi nake wannan rubutu, domin na zaune bai ga gari ba, kuma na cikin mota mai rufaffen gilashi ma zaune yake. Da masu tsara titunanmu za su yi tafiya ɗaya tak daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki a kan keke da ƙarfe biyu na ranar Afrilu, da ba sai an rubuta musu takarda a kan amfanin bishiya ba.

Bazara dai tana da ƙarshe. Wata yamma ina dawowa sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura da ledoji, masu shaguna suna ta janye kaya. Ɗigon farko ya same ni a Ƙofar Famfo. Ban nemi mafaka ba, haka ma sauran masu keken; muka ci gaba da tuƙi muna jiƙewa, ƙamshin ƙasa yana tashi, wani yana yi wa wani barka. A wannan daminar na sayi dashen darbejiya uku da tsamiya ɗaya, muka dasa su ni da dattijon a jere da tsohuwar bishiyarsa, yaronsa ya kewaye su da ƙaya. Awaki sun ci ɗaya. Ukun suna nan, kuma ruwan kwanon gwada tayoyi, wanda a da ake zubarwa a kwalta, yanzu a gindinsu yake ƙarewa kowace yamma. Dattijon ya ce tsamiyar ba mu za mu sha inuwarta ba. Na ce ai wadda ta cece ni ma ba mu san wanda ya dasa ta ba. Allah Ya saka masa da alheri, ko wane ne, Ya kuma sa mu bar wa na baya wurin fakewa.